Wurin da Ba a Faɗa a Tudu

Puerto Almendro, 19 ga Agusta, 1996

Kawu Teófilo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna Casilda da duk mutanen Barra Chica. Na san sai ka juya ambulan ka sake juyawa kafin ka gane mai rubutun. Ni ce Isidora, 'yar marigayiya Petrona, jikar Anselmo wan mahaifinka. Rabonka da ni tun ina 'yar shekara bakwai, ranar da ka saɓa ni a kafaɗa ka saka ni a jirgin Don Fulgencio ina ta ihu. Na ji an ce idonka na dama ya fara yin yana. Yaya jikin, kuma an duba maka?

Ni lafiya lau. Na gama karatu, gwamnati ta ƙara mini horo na shekara biyu a kan kifi da teku, yanzu an turo ni ofishin kula da kamun kifi na nan. Mu huɗu ne, gaɓar da aka ɗora mana kuwa kwalekwale sai ya kwana uku bai ga ƙarshenta ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Manyan jiragen tsibirai sun cinye wuraren taron kifin mero guda uku da ke wajensu, ba su bar ko na rantsuwa ba. Yanzu sun fara bin dutsen ruwanmu a hankali suna lalube. Shekaranjiya a bakin tasha wani kyaftin ya tambaye ni, yana dariya, wai ko na san inda tsofaffin Barra Chica suke ɓacewa duk watan Disamba. Ni ma na yi dariyar, amma na gane wurin da yake nufi, don Mama ta sha ba ni labarin Gwiwa, wurin taron mero namu, da yadda kakana yake dawowa daga can kwalekwale na neman nutsewa.

An yi sabuwar doka. Duk wurin da kifi ke taruwa ya yi ƙwai ana iya rufe shi a lokacin taron, wanda aka kama a ciki kuma a ƙwace jirginsa. Sai dai gwamnati ba ta iya tsare abin da ba ta san inda yake ba. Kawu, ina roƙonka ka faɗa mini inda Gwiwa take kafin su riga mu.

'Yarka,
Isidora Güity

Barra Chica, 8 ga Satumba

'Yata Dora,

Na samu takardarki, na gode. Ban juya ambulan ko sau ɗaya ba, rubutunki irin na Petrona ne, kamar kaza ta bi ta kan yashi. Muna lafiya. Innarki tana fama da ƙugu, amma bakinta garau yake. Ido yana nan, na hagu yana yi wa na dama aiki. Ɗana Lázaro ya rubuto daga New York ya ce ba bana zai zo ba, abin da ya faɗa bara ke nan.

To, Malama Gwamnati. Na karanta wa innarki takardar, ta ce in tambaye ki jirgi nawa ofishin naku yake da shi. Ba ki faɗa ba, kuma ni ma na lura ba ki faɗa ba.

Kin bar gari da ƙuruciya, shi ya sa kika yi wannan tambaya a takarda, ban ga laifinki ba. Ba a faɗin Gwiwa a tudu. Ba a rubuta ta, ba a zana ta a yashi, ko mutum ya bugu ba ya faɗa. Gida uku ne suka san ta: namu, da na abokina Macario, da na 'ya'yan marigayiya Eulalia. Mahaifina a kan ruwa ya nuna mini, sau ɗaya tak, ya ce in dubi tudu in haɗa alamu, in na manta to dama ban cancanta ba. Muna zuwa kwana biyu kafin wata ya cika, da ƙugiya kawai, kowa igiya ɗaya. Ranar da muka leƙa ta akwatin gilashi muka ga kifin sun sauya riga, baƙi a sama fari a ƙasa, sai kowa ya naɗe igiyarsa ko da bai kama na miya ba. Aurensu ya zo ke nan, ba a taɓa su. Fiye da shekara ɗari muna haka babu takardar kowa.

Jiragen nan na gan su da idona mai kyan. Ba ƙarya kika yi ba, kuma abin yana cina. Amma ita gwamnati ban san ta ba, ban taɓa cin hudutu, sakwarar ayabarmu da miyar kifi, a kwano ɗaya da ita ba. Ke kuwa jikar Anselmo ce, kina da rabo a wurin kamar Lázaro, wanda ya zaɓi goge benayen mutane. In kina so, ki zo a Oktoba kafin iskar arewa ta tashi. Ki zo a 'yar gida, ki bar rigar ofis a can. Zan fitar da ke ruwa tun ina gani.

Kawunki,
Teófilo Sambulá

Puerto Almendro, 21 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna. Na iso lafiya, sai dai fatar hancina da ke ta saɓulewa, 'yan ofis suna tambaya ko gasa ni aka yi. Gurasar rogon da Inna ta ƙulla mini ba ta kwana biyu ba, sun cinye. Ka ce mata man zafin yana cikin buhun shinkafa, ta riƙa shafawa safe da yamma.

Ban san yadda zan gode maka ba. Da ka ce in leƙa, na ga inda dutsen ya lanƙwasa ya faɗa cikin baƙin ruwa, sai na ji kamar Mama tana zaune a bayana. Kukan da na yi ba na gishiri a ido ba ne, ko da yake haka na ce maka.

Akwai abin da na yi ban faɗa maka ba, kuma tun da na dawo ya hana ni sakat. Ka tuna ƙaramar na'urar nan da ka ce rediyo ce marar magana? Wuri take karantawa daga taurarin ɗan'adam, ta fitar da lambobi. Lokacin da ka juya baya kana nuna mini alama ta biyu, na sa hannu a jaka na danna ta. Alamun ba zan taɓa rubuta su ba, na yi maka alkawari kuma ina kansa. Amma lambobin suna nan a littafina, babu wanda ya gan su tukuna.

Maigidanmu Don Abelardo zai aika sunayen wuraren da za a rufe zuwa babban birni ranar 15 ga Nuwamba. Wurin da bai shiga ba sai baɗi, ni kuma ban yarda Gwiwa za ta kai baɗi a ɓoye ba. Tambayar Inna kuwa, gaskiya ba mu da jirgi ko ɗaya a yau. Amma masu ba da tallafi sun saya mana, fari, mai gudu, zai iso makon farko na Disamba, har hotonsa na gani. Don Abelardo ya kuma tabbatar mini lambobin a kulle za su zauna cikin fayil, daga mu sai alƙali.

Na san zai yi maka nauyi ka rubuta "na yarda" da hannunka a kan abin da mahaifinka ya hana. Saboda haka na sauƙaƙa maka. A tsarin aikinmu, in aka ba mutum wa'adi bai ce komai ba, ya amince ke nan. In har ranar sha biyar ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ka yarda. In kuwa ka ce a'a, zan yage shafin.

'Yarka Dora

Puerto Almendro, 20 ga Nuwamba

Kawu,

Da fatan kuna lafiya, kuma iska ba ta yi muku ɓarna ba. Nan ta kwashe rufin kasuwar kifi.

Na jira har yammacin ranar sha biyar. Jirgin Don Fulgencio bai dawo ba tun da iska ta tashi, amma masu kawo kwakwa sun zo sau biyu ta hanyar tafki, kuma na san in kana da magana ba za ka rasa wanda za ka ba ba. Na ba da lambobin.

Jiya amsa ta zo, kuma ba yadda aka ce mini ba ne. Lauyan can ya ce alƙali ba ya hukunta mutum don ya shiga wurin da ba a faɗa masa an rufe ba. Don haka dole lambobin su fito a jikin sanarwar, a buga a jaridar gwamnati, a manna a kowace tasha. Kuma rufewar ta haɗa da kowa, har kwalekwale. Na tsaya a gaban teburin Don Abelardo, ya ce shi ma bai sani ba, wannan ne karo na farko da ake amfani da dokar. Na roƙi a cire Gwiwa, aka ce an riga an sa hannu.

Farin jirgin zai zo, Kawu. In yana kan wurin, lambobi a bango ba za su yi wa kowa amfani ba. Don Allah ka rubuto ko da zagi ne.

Dora

Barra Chica, 6 ga Disamba

Isidora,

Muna lafiya. Innarki ta ce man ya yi aiki.

Takardunki biyu jiya suka zo tare a jaka ɗaya. Injin Don Fulgencio ya mutu a Río Prieto, bakin kogi kuma ya toshe, ya yi mako shida a can yana zaune a kan jakar wasiƙu, ta biyun ma a can ta same shi. Ban ga ta farko ba sai da aikin gama ya gama.

Amma kada ki ɗora wa injin laifi. Ko da ta zo a kan kari, shiru za ki ji. Wa ya gaya miki shiru yarda ce? Mu nan ba ma ce wa ɗan'uwa a'a a fuska, kunya ce. Shiru muke yi, shi kuma ya gane ya janye da mutuncinsa. Lokacin da ubanki ya fara aiko neman Petrona, Anselmo wata uku bai ce uffan ba, duk gari ya san an hana shi, sai da ya je ya gina ɗaki ya sake dawowa. Ke kin ɗauko al'adar ofis kin shimfiɗa mini a ƙofar gida, kin ce kin sauƙaƙa mini.

Kuma a kwalekwalena kika yi. Ina juya miki baya ina ba ki gadon kakanki, hannunki yana cikin jaka. Wannan shi ne ya fi yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Tun kafin takardunki labari ya zo. Macario ya kai busasshen kifi Puerto Almendro ya ga sanarwar a bangon tasha. Bai iya lambobi ba, amma ya iya karanta sunan Barra Chica, kuma ya ga kyaftin biyu a tsaye suna kwafa a bayan kwalin taba. Da ya dawo aka taru ƙarƙashin itacen bakin coci, ana tambayar wa ya sayar. Ido ya koma kan 'ya'yan Eulalia, don ƙaraminsu ya taɓa aiki a jirgin tsibirai. Har an miƙe, har wani ya ɗauko filafili. Sai na tashi na ce ni ne, ni na faɗa wa gwamnati don tsoron jiragen. Ban ambaci sunanki ba. Macario ya dube ni ya ce, "Kai, Teo? Da bakinka, a tudu?" Tun ranar bai sake yi mini magana ba, mutumin da muka yi shekara hamsin muna raba taba ɗaya.

Wata zai cika ranar jajibirin Kirsimeti. Saura kwana goma sha takwas. Ina farin jirgin?

Teófilo

Puerto Almendro, 15 ga Disamba

Kawu,

Ina gaishe ka, in har gaisuwata tana karɓuwa. Na karanta takardarka a bakin tasha, na kasa komawa ofis sai da na zauna a kan igiyar jirgi na daɗe. Na ci amanarka. Ba ni da wata kalma da zan sa wa abin, kuma ba zan nemi wata ba. Laifin da ka ɗauka a gaban mutane nawa ne.

Jirgin ya zo ranar tara ga wata. Fari ne kamar yadda aka ce, da tambarin gwamnati a gefe. Ba shi da inji. Injin ta wata tashar ya shigo, an riƙe shi a can saboda lambar jikinsa ta saɓa da ta takarda da harafi ɗaya. Jirgin yana nan a bayan ofis an ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinsa. Matuƙi ma ba a ɗauka ba tukuna. Na je wurin sojojin ruwa, masu jirgi da bindiga, na roƙa, suka ce mu rubuto, za a duba bayan hutu.

Gobe an tura mu babban birni, kwana biyar, wasu ƙwararru za su koya mana yadda ake sintiri a teku. Da na ce ba zan je ba, sai na tuna a can takardar injin take. Zan bi ta daga tebur zuwa tebur. In na fitar da shi ranar ashirin, ko a ka zan ɗauko shi.

In ban iso ba, don Allah kada ku yi faɗa da su. Mutanen nan suna da bindiga. Ka rubuta mini sunan kowane jirgi da ranar da ka gan shi, shi ke nan abin da nake roƙo.

Dora

Barra Chica, 2 ga Janairu, 1997

Isidora,

Barka da sabuwar shekara. Kowa lafiya, babu wanda aka taɓa, in wannan ne kike son ki fara ji. An yi rawar jiya kamar kullum, amma ni ban fita ba.

Sun zo ranar ashirin da biyu, jirgi uku, kashegari suka zama biyar. Ba su yi lalube ba, kai tsaye suka zo suka saki ƙarfen tsayar da jirgi a kan Gwiwa kamar a can aka haife su. Mu ma mun fita, kwalekwale shida, babu mai ƙugiya a hannu, tunda doka ta hana mu. Ki ji wannan da kyau: a cikin teku duka, mu kaɗai muka bi dokarki.

Na matsa kusa da babban cikinsu na ce wurin a rufe yake. Kyaftin ɗin, wani mai jan gemu, ya leƙo ya ce, "Haka ne, tsoho, a rufe yake. Ka koma gida kada gwamnati ta kama ka." Yaransa suka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa in na ga gwamnatin in miƙa godiyarsu, shekara biyu suna ƙona mai suna nema, sai ga shi an rubuta musu a bango.

Tarkunan waya suka zuba, na ƙirga har tamanin na daina. Masu nutso kuma suna bi da mashi. Ranar Kirsimeti da yamma na leƙa, kifin sun sauya riga. Mero a wannan rana ba ya gudu, Dora, ko hannu kika kai sai ya tsaya yana kallonki. Haka suka riƙa ɗebo su ciki cike. Ƙwai yana zuba a kan katakon jirgi, suna wanke shi da bokiti, ruwan gefen jirgin ya yi fari. Macario yana kwalekwalensa kusa da nawa. Ya cire hula ya rufe fuska da ita, ni kuma na dubi wani wajen don kada ya san na gani.

Kwana shida suka yi, sai da ƙanƙararsu ta ƙare. Sunayen suna bayan takardar nan da ranaku, kamar yadda kika ce.

Waɗanda suka tsira sukan dawo a wata na biyu, ba su kai na farko yawa ba, amma sukan dawo. Zai cika ranar ashirin da uku. Su ma jiragen sun san haka. In aka yi musu na Janairu kamar na Disamba, ki cire Gwiwa daga takardarku, ba sauran abin tsarewa.

Teófilo

Puerto Almendro, 11 ga Janairu

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna, ina kuma yi maka jaje. Na karanta takardarka sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Injin bai fito ba. An gyara harafin, yanzu kuma mai sa hannu ne ya tafi hutu. Sunayen da ka aiko na shigar da su, aka kira kyaftin ɗin, kowa ya rantse a wani wurin ya kama. Lauya ya ce maganarka ba ta isa ba, sai ma'aikaci ya gani da idonsa daga cikin jirgin gwamnati mai tambari.

Na koma na karanta dokar sau uku. Ta ce jirgin gwamnati mai tambari. Ba ta ce mai inji ba.

Na yi magana da Don Fulgencio, ya yarda zai jawo shi a bayan nasa ranar sha takwas har Barra Chica. Daga nan sai kwalekwale su ja shi zuwa Gwiwa, a saki ƙarfe, in zauna a ciki da rigar ofis da tuta da kyamara har kifin su watse. Duk jirgin da na ɗauka a hoto a cikin wurin, a tasha za a jira shi, tasha kam muna da ita. Don Abelardo ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yar nan, in kika nutse ban san kin tafi ba. In kika dawo da hoto, ni na tura ki." Na ce na ji.

Amma jirgin yana da nauyi, sai gidajen uku sun sa hannu. Kuma ba zan bari su ja ni suna zaton kai ne ka faɗa ba. Ranar da na sauka zan tsaya a bakin coci in faɗi abin da na yi da bakina.

Wannan karon in ban ji daga gare ka ba, ba zan zo ba.

Dora

Barra Chica, 14 ga Janairu

Ki zo. Ki taho da igiya mai kauri da hula mai faɗi. Ba sai kin tsaya a bakin coci ba, innarki ta riga ki faɗa musu, ta ce ta gaji da ganina ina shan taba ni kaɗai. Macario ya ce zai ja, amma kada ki gaishe shi.

T.

Barra Chica, 3 ga Fabrairu

'Yata Dora,

Da fatan kin isa lafiya, kuma cikinki ya daina juyawa. Har yanzu ana labarinki a gari, wai gwamnati ta kwana shida a kan ruwa tana amai ta gefen jirgi, hannu ɗaya riƙe da tuta. Macario ya fi kowa iya kwaikwayonki, musamman ranar da mai jan gemu ya zagaya ki sau biyu yana cewa ki tayar da inji ku yi tsere, ke kuma kika ce ya ɗan matso sunan jirginsa bai fito sosai a hoto ba. Jiya ya zo ya zauna a ƙofata, ya karɓi taba. Ya ce in gaya miki kin iya zama, ko da ba ki iya tambaya ba.

Akwai ƙaryar da na yi miki. Ranar ƙarshe da na leƙa ta akwatin gilashi, kika tambaye ni nawa na gani, na ce da yawa. Fuskarki ce ta hana ni faɗin gaskiya. Sittin da ɗaya na ƙirga, na sake ƙirgawa na samu sittin. A wurin nan, Dora, da ba a ganin ƙasa saboda bayansu. Sun dai sauya riga, kuma da rana ta kusa faɗuwa sun tashi sama tare sun yi abin da ya kawo su, babu wanda ya taɓa su. Ko sittin sun isa su mayar da gida, ban sani ba. Ke kika yi karatu, ki faɗa mini gaskiya.

Yanzu ga wata magana, ki karanta ki ƙona. Akwai wuri na biyu. Mahaifina da Anselmo suka same shi suna samari, iska ta kore su suka faɗa kansa. Gidan Macario ba su sani ba, na Eulalia ba su sani ba. Ba a taɓa jefa ƙugiya a ciki ba, ajiya suka kira shi, don ranar da Gwiwa za ta gaza. Duk shekara nakan je ni kaɗai in leƙa in dawo. Bana ma na je, suna nan lafiya.

A Oktoba na yi niyyar nuna miki shi a rana ta biyu, wani abu ya riƙe ni, na gode wa Allah. A Disamba na rantse da ni za a binne shi. Amma alamunsa suna da nisa, kuma idon hagu ya fara bin na dama, wannan karon sai da na daɗe kafin na kama ta uku. Lázaro ba zai dawo ba, na daina ruɗin kaina. Ke kaɗai kika rage, kuma na ga zaman da kika yi. Ki zo a Maris in teku ta kwanta, in nuna miki tun ina iyawa.

Kawunki Teófilo

Puerto Almendro, 14 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna da Baba Macario, ko ya amsa ko bai amsa ba. Na warke sarai. Takardarka na ƙona ta a murhun gawayi kamar yadda ka ce.

Ka nemi gaskiya. Sittin suna iya mayar da gida in ba a sake taɓa su ba, amma sai an yi shekara goma ko fiye, kuma akwai wuraren da aka tsare ba su dawo ba. Hotunan sun hana jirgi biyu fita, shari'a sai watan Mayu. Injin yana nan inda yake.

Ranar Litinin takarda ta zo daga babban birni, an yaba mana, an kuma ce kowane ma'aikaci ya rubuta ko ya san inda wani wurin taron yake don a ƙara a sanarwar bana. Na rubuta ban sani ba, na sa hannu. Gaskiya na rubuta, kuma ina so ta ci gaba da zama gaskiya.

Kada ka nuna mini, Kawu. Babu abin da nake so a duniya kamar in gan shi. Amma takardar nan duk shekara za ta dawo, kuma na san kaina. Ranar da na danna na'urar nan ba mugunta ce ta sa ni ba, na tabbata daidai nake yi. Wata rana wani zai sake nuna mini hoton jirgi, in sake tabbata. Ka riƙe shi har sai muna da inji da matuƙi, da dokar da ta san gidajen uku. Ina tura wannan kullum, ban san yaushe zai motsa ba. Na san abin da nake sa ka yi caca da shi, kuma in ido ya riga mu, ni na jawo, ba kai ba.

Likitocin ido za su zo asibitin mishan a watan Afrilu, na sa sunanka na bakwai. An ce yanar idon cirewa ake yi, mutum ya koma yana ƙirga ganyen kwakwa daga nesa. Ni zan zo in ɗauke ka, kuma ba na neman amsarka a kan wannan.

A Maris ma zan zo kamar yadda ka ce, in ci hudutun Inna, mu zauna a tudu. In teku ta kwanta ka ji na fara roƙonka mu fita, ka yi mini shiru. Yanzu na san abin da yake nufi.

'Yarka,
Dora